Bani Isra'ila, Yahudawa da 'Yan Isra'ila: Wai Duk Abu Ɗaya Ne?

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023, da wuya ka leƙa Facebook ko wani zauren WhatsApp ba ka tarar ana wannan gardamar ba. Wani ya ce Yahudawan yau su ne Bani Isra'ilan da Alƙur'ani da Baibul suka ba da labarinsu, babu ragi babu ƙari. Wani ya taso masa ya ce ina, waɗannan ai Turawa ne suka ari addinin mutane suka yafa, na ainihin sun ɓace tuntuni. Na uku kuma ya faɗo ya ce Falasɗinawa su ne jikokin Jalutu, rigimar tun ta zamanin Annabi Dawuda ce ake ci gaba da ita. Kowa da ɗan bidiyonsa na minti biyu da ya riƙe hujja.

To wai su wane ne Bani Isra'ila, yaushe aka fara ce musu Yahudawa, kuma mece ce alaƙarsu da ƙasar da ake kira Isra'ila yau? Ni a ganina rabin rigimar daga sunaye take, sunaye ne da aka haifa a zamunna daban-daban, tsakanin wani da wani shekaru ɗaruruwa ko ma dubbai, mu kuma muka zuba su a ƙwarya ɗaya muka dama.

Isra'ila sunan mutum ne tun farko

Kafin ya zama sunan ƙasa, Isra'ila laƙabin Annabi Yakubu ne (AS), ɗan Ishaƙa ɗan Ibrahim. Wannan kam Musulmi da Kirista da Bayahude ba su da saɓani a kai. Bani Isra'ila kuwa ma'anarsa 'ya'yan Isra'ila, wato zuriyar 'ya'yansa goma sha biyu, irin su Yusuf da Binyaminu da Lawi da Yahuda, kowane ɗa ya zama kakan ƙabila guda.

Ka riƙe sunan nan Yahuda, wasu littattafan sukan rubuta Yahuza, domin daga shi za mu gangaro. Ɗa ɗaya ne kawai cikin sha biyu. Annabi Musa da Haruna daga ƙabilar Lawi suke, Ɗalutu daga Binyaminu, Dawuda da Sulaiman su ne daga Yahuda. Ka ga kenan a zamanin Annabi Musa da ka tare mutum cikin jama'arsa ka ce masa Bayahude da ma'anar da muka sani yau, ba zai gane me kake nufi ba. Annabi Ibrahim kuwa ba a ma maganarsa, shi kakan Isra'ila ne, Alƙur'ani a Ali Imran ya faɗa ƙarara cewa bai kasance Bayahude ko Banasare ba, Attaura da Linjila duk a bayansa suka sauka.

Abin da aka tono daga ƙasa

Wannan labarin littattafan addini ne, mumini ya yarda da shi saboda wahayi. Masu tonon kufai su kuma hanyarsu daban, sai abin da suka taɓa da hannu. Mafi tsufan wurin da suka ga sunan Isra'ila a wajen littafin addini wani allon dutse ne na Fir'auna Marnafta, ɗan Ramsis na biyu, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 1208 kafin Miladiyya. Wani Bature Flinders Petrie ya tono shi a 1896 a yankin Luksor, yanzu yana gidan tarihi a Alƙahira. Fir'aunan yana cika bakin ya murƙushe Isra'ila har irinta ya ƙare, amma abin da ya fi jan hankalin masana shi ne alamar da marubucin ya sa a jikin sunan, alama ce ta al'umma ba ta birni ko masarauta ba. Wato a lokacin jama'a ce kawai da ke zaune a ƙasar Kan'ana, ba su kafa sarauta ba tukuna.

A daidai wannan zamanin kuma sai ƙananan ƙauyuka suka yawaita a kan tsaunukan da ke tsakiyar ƙasar, yankin da ake kira Gaɓar Yamma yau, manoma da makiyayan tumaki da awaki, kuma an lura a jujinsu da ƙyar ake samun ƙashin alade, alhali a garuruwan Filistiyawa, wata tsohuwar al'umma da ta zauna a bakin teku, akwai shi birjik. Tukwanensu da harshensu duk sun yi kama da na sauran Kan'aniyawa, shi ya sa da yawa daga masana tarihi suke ganin mafi yawan mutanen daga cikin Kan'ana suka tsiro, wataƙila wani rukuni da ya fito daga Masar ya haɗu da su. Wasu masanan kuma sun tsaya kan labarin fitowa daga Masar kamar yadda ya zo a Attaura. Gardamar tana nan har gobe.

Harshen nasu, Ibrananci, ɗan'uwan Larabci ne na kusa sosai. Balarabe ya ce salam su ce shalom, ya ce bait su ce bayit, ya ce yaum su ce yom. Mu ma fa ba a bar mu a baya ba, masana harsuna sun sa Hausa a babban dangi ɗaya da su duk da dai zumuncin na nesa ne, sukan kafa misali da mutu da maut na Larabci, ko suna da ism da shem. Asabar ɗin nan tamu ma da muka aro daga Larabci tushenta ɗaya da Shabbat, ranar hutun Yahudawa.

Masarauta ta rabu biyu

Bayan rasuwar Annabi Sulaiman, wajen 930 kafin Miladiyya, masarautar ta dare gida biyu. Arewa ta riƙe sunan Isra'ila, ƙabilu goma, daga baya babban birninta ya zama Samariya. Kudu ta zama masarautar Yahuda, ƙabilar Yahuda da Binyaminu da wasu Lawiyawa, gidan Dawuda ke sarauta a Ƙudus. Daga nan hujjojin dutse suka fara yawa. A 1993 an tono wani allo a Tel Dan mai ɗauke da kalmar gidan Dawuda, akwai kuma allon Mesha sarkin Mowab da aka samu a Jodan a 1868 wanda ya ambaci Omri sarkin Isra'ila.

Ta arewa ce ta fi girma da arziki, ita ce kuma ta fara faɗuwa. Assuriyawa daga arewacin Iraƙi suka ci Samariya wajen 722, sarkinsu Sargon na biyu ya rubuta cewa ya kwashe mutum sama da dubu 27, aka watsa su a wasu yankuna aka kawo baƙi aka zaunar a gurbinsu. Nan aka samo labarin ɓatattun ƙabilu goma, wanda har yau mutane daga Fashtun na Afghanistan zuwa wasu ƙabilu a arewa maso gabashin Indiya zuwa wasu 'yan'uwanmu Ibo a nan Najeriya suke cewa su ne. Amma in ka duba adadin da shi kansa Sargon ya faɗa, ai bai kai yawan al'ummar masarauta guda ba. Waɗanda aka kwashe sun narke cikin mutanen da suka tarar, wasu sun tsere kudu, Ƙudus ta cika ta batse a wannan lokacin, wasu kuma ko gezau, suna nan a gonakinsu. Za mu dawo kan waɗannan na ƙarshe.

Wadda ta rage tsaye ita ce Yahuda. Mutumin Yahuda kuwa ana ce masa Yahudi kamar yadda ake ce wa mutumin Kano Bakano, sunan ƙasa ne kafin ya zama sunan addini. Malaman tafsiri suna da wani bayanin, sun ce daga kalmar hada ne wato tuba, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf, inna hudna ilaika. Ko ma wanne ne, sunan a bayan Bani Isra'ila ya zo da nisa.

Babila, inda al'amarin ya canza kama

A 586 kafin Miladiyya Nebukadnezzar sarkin Babila, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanasar, ya rushe Ƙudus ya ƙone Haikalin, wato babban ɗakin ibadarsu, ya tasa manyan gari a gaba zuwa Iraƙi. Ga al'adar wancan zamanin in aka ci ƙasarku aka rushe ɗakin ibadarku to shi kenan, ku da abin bautarku kun tafi, haka Mowabawa da Filistiyawa suka bi ruwa. Su waɗannan sai suka ƙi narkewa. Babu sarki, babu Haikali, babu ƙasa, sai suka rungumi abin da za a iya ɗauka a tafi da shi, littafi da Asabar da kaciya da dokokin abinci. A nan ne, in ka tambaye ni, aka ƙera Bayahude irin wanda duniya ta sani, mutumin da zai zauna a kowace ƙasa amma ya ci gaba da zama abin da yake.

Da Kurush sarkin Farisa ya ci Babila a 539 sai ya ba su izinin komawa, wasu suka koma suka sake gina Haikali wajen 516, wasu da yawa kuma suka ce su kam sun yi gida suka yi zamansu. Yahudawan Iraƙi daga nan suka samo asali, kuma suna can har zuwa 1950 da 1951 da aka kwashe mafi yawansu. A zamanin Farisa ɗin ne kalmar Yahudi ta faɗaɗa ta haɗiye sauran ƙabilun, a littafin Esta na Baibul za ka ga ana kiran Mordekai Bayahude alhali an faɗa ɗan ƙabilar Binyaminu ne.

Rumawa da sunan Falasɗinu

Girkawa sun zo da Iskandar a 332, Makabiyawa, wani gidan limaman Yahudawa, suka yi musu tawaye a 167 suka kafa 'yantacciyar masarauta ta kusan shekara ɗari, sai Rumawa suka shigo a 63 kafin Miladiyya. A ƙarƙashinsu aka haifi Annabi Isa (AS). Tawayen shekara ta 66 Miladiyya ya ƙare da Titus, kwamandan Rumawa, ya rushe Haikali na biyu a shekara ta 70, har yau akwai ƙofar nasara a birnin Rum da hoton sojoji ɗauke da kayan Haikalin. Tawaye na biyu na Bar Kokba daga 132 zuwa 135 ya fi muni, bayansa sarki Hadriyan ya hana Yahudawa zama a Ƙudus, lardin ma aka daina ce masa Yahudiya aka koma Siriya Falasɗina.

Abu biyu ake yawan kuskurewa a nan. Na farko ba Hadriyan ne ya ƙirƙiri sunan Falasɗinu ba, Herodotus, Bagirke marubucin tarihi, ya yi amfani da shi tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya, daga Filistiyawa aka samo shi, mutanen Gaza da Ashkelon da Ashdod da Gat garin su Jalutu. Amma su Filistiyawan a matsayin al'umma sun shuɗe tun zamanin Babila, sunan ne ya rage a jikin ƙasa, don haka mai cewa Bafalasɗine na yau jikan Jalutu ne suna kawai ya bi. Na biyu Rumawa ba su kwashe kowa da kowa ba. Yahudawa sun ci gaba da zama a Galili, a can aka tattara Mishna, kundin shari'arsu da a da ake ruwaitowa da baki, wajen shekara ta 200, kuma tun kafin a rushe Haikali ma akwai ɗimbinsu a Iskandariya da Rum da Babila. Waɗanda suka zauna a ƙasar, sannu a hankali wasu suka zama Kirista, bayan zuwan Musulunci zamanin Sayyidina Umar wasu suka musulunta, harshe ya koma Larabci. Abin dariya shi ne David Ben-Gurion da kansa, wanda ya zama firaministan Isra'ila na farko, shi da abokinsa Ben-Zvi sun rubuta a 1918 cewa manoman Falasɗinu jikokin tsoffin Yahudawa ne. Daga baya da siyasa ta yi zafi aka daina jin wannan maganar.

To jinin fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Masu cewa Yahudawa jini ɗaya ne tsantsa tun daga Yakubu, tarihi bai goya musu baya ba, domin an shiga addinin sosai. Makabiyawa sun shigar da Idumiyawa, maƙwabtansu na kudu, cikinsa da ƙarfi, gidan sarki Hirudus ma daga cikinsu yake. Gidan sarautar Adiyabin a arewacin Iraƙi ya karɓi Yahudanci a ƙarni na 1. Sarakunan Himyar na Yaman ma haka, cikinsu har da Zu Nuwas wanda ya hallaka Kiristocin Najran wajen 523, abin da malaman tafsiri da yawa ke dangantawa da Ashabul Ukhdud. Sai manyan Khazar, wani dangin Turkawa a tsakanin tekun Kasfiyan da Baƙin Teku, wajen ƙarni na 8 zuwa na 9.

Kan Khazar ɗin nan ne ɗaya ɓangaren ya rataya hujjarsa, wai duk Yahudawan Turai, Ashkenazi, jikokinsu ne. Maganar tana da daɗin faɗa amma ba ta da ƙafa. Tsoffin unguwannin Ashkenazi a bakin kogin Rayin na Jamus suke, garuruwa irin su Mainz da Worms, daga nan suka gangara Folan da Rasha, harshensu Yidish kuma ƙashin bayansa Jamusanci ne ba Turkanci ba. Gwaje-gwajen ƙwayoyin halitta abin da suka nuna gauraye ne, wani kaso mai yawa daga Gabas ta Tsakiya, wani kaso mai yawa daga kudancin Turai musamman ta wajen iyaye mata. Kuma ai ba Ashkenazi kaɗai ba ne Yahudawa. Akwai Safardi da aka kora daga Andalus a 1492 Daular Usmaniyya ta karɓi da yawansu, akwai na Maroko da Yaman da Iran, akwai baƙaƙen fata na Habasha waɗanda aka kwashi wasunsu ta Sudan a 1984. Kusan rabin Yahudawan Isra'ila asalinsu daga ƙasashen Musulmi ne, kakanninsu da Larabci ko Farisanci suka tashi. Har a bakin Sahara sun zauna, Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ai daga Tuwat ya taho, inda ya yi ta artabu da Yahudawan garin Tamantit.

Wani abin kuma da masu bidiyo ba sa son faɗa, irin waɗannan gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙasusuwan tsoffin Kan'aniyawa sun nuna Falasɗinawa da mutanen Labanon da Duruz, wata ƙaramar al'umma mai addininta daban a yankin, su ma suna ɗauke da kaso mai tsoka na wannan jinin. Kenan mutanen da ke faɗan nan dangi ne ta wajen kakanni, ko sun so ko sun ƙi. Su kansu malaman Yahudu ba da gwajin jini suke aiki ba, a shari'arsu Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa ko wanda ya shiga addinin ta hanyar da suka yarda da ita.

Bayahude daban, ɗan Isra'ila daban, Sahyoni daban

Sahyoniyanci kuwa jiya-jiya ne in aka kwatanta da abin da muke ta lissafi. Aƙidar siyasa ce ta neman kafa wa Yahudawa ƙasarsu, wadda ta tashi a Turai a ƙarshen ƙarni na 19 lokacin da kowace al'umma ke neman ƙasarta kuma ana kashe Yahudawa a Rasha, Theodor Herzl ya kira taronta na farko a Basel a 1897, Ingila ta yi alƙawarin Balfour na goyon bayan samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu a 1917, Hitila ya hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, aka ayyana ƙasar Isra'ila a 1948, Falasɗinawa sama da dubu 700 suka rasa gidajensu a abin da suke kira Nakba. Waɗanda suka kafa ƙasar sun ɗauko tsohon sunan ne suka sa mata, da yawansu ma ba masu riƙo da addini ba ne.

Yau Yahudawan duniya ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, kuma fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke zaune ba, Amurka ce ta fi ɗaukar sauran. A cikin 'yan ƙasar Isra'ila kuma kusan ɗaya cikin biyar Larabawa ne, Musulmi da Kirista da Duruz. Akwai Yahudawa masu tsananin addini irin su 'yan Satmar da ke ganin kafa ƙasar kafin zuwan Almasihu saɓo ne, akwai kuma miliyoyin Kiristocin Amurka da suka fi wasu Yahudawan zaƙewa a Sahyoniyanci. Gaskiya ne mafi yawan Yahudawa suna jin ƙasar a ransu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma sunayen uku ba su hau kan juna daidai ba.

Ina ruwan talaka da duk wannan?

Ruwansa shi ne ruɗanin yana shigowa har masallaci da coci da rumfar mai shayi. Kiristan da ya ɗauka duk inda Baibul ya ce Isra'ila to gwamnatin Netanyahu ake nufi, zai ga an rushe unguwa a kan yara ya kasa cewa uffan, ya manta ma akwai Kiristocin Falasɗinu a Baitalami da Gaza da abin ke ci. Musulmin da ya ɗauka duk wanda aka haifa Bayahude abokin gaba ne, ya manta Abdullahi bin Salam malamin Yahudu ne kafin ya zama sahabi, Nana Safiyya kuma uwar muminai 'yar Banu Nadir ce. A ƙasa irin tamu da ƙaramin abu ke tayar da wuta tsakanin addinai biyu, faɗan da ake yi a nesa yakan dawo ya zama zagin maƙwabci. Sannan ga asarar hujja, wanda ya gina goyon bayansa ga Falasɗinawa a kan labarin Khazar, ranar da aka rushe masa labarin sai ya ga kamar komai ya rushe, alhali maganar korar mutum daga gidansa da ƙwace masa gonar zaitun ba ta buƙatar a san wane ne kakan wani shekara dubu uku da suka wuce.

Na ce za mu dawo kan mutanen arewa da Assuriyawa suka bari a gonakinsu. Jikokinsu suna nan, su ne Samariyawa, yau ba su kai mutum dubu ɗaya ba, kusan rabi a kan dutsen Garizim da ke saman Nablus, sauran a Holon kusa da Tel Abib. Littattafai biyar na Attaura kaɗai suka yarda da su, a tsohon rubutun Ibrananci, alƙiblarsu Garizim ce ba Ƙudus ba, Makabiyawa ma sun taɓa rushe musu wurin ibada a kan dutsen. Duk shekara a idin Ƙetarewa, na tunawa da fitowa daga Masar, suna yanka raguna a can. Na Nablus ɗin Larabci suke yi a gida, suna riƙe da katin shaidar Falasɗinu da na Isra'ila a aljihu ɗaya, in ka tambaye su ko Yahudawa ne su ce maka a'a, su Bani Isra'ila ne.